Alobera, Tsiron da Kwantaccen Ruwa ke Kashewa

Darasi domin ajin manya da Zumuntar Mata

A karanta: Misalai 30:7-9, Luka 12:13-21.

'Yan'uwa, mu da mu ke zaune a ƙasar Kura da Bunkure mun san darajar ruwa. Dattawanmu suna tune da zamanin da in an gama girbin dawa sai samari su ɗaure kaya su tafi cin rani, a bar tsofaffi da mata da yara a gari. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a shekara ta 1974, ruwa ya biyo babbar hanyar da aka gina masa har ya iso gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun daga nan muka koyi noman alkama da tumatir da albasa da rani, da shinkafa da damina. Muka kuma saba da wata al'ada, watau in shuka ta yi yaushi a ba ta ruwa, in ba ta farfaɗo ba a ƙara mata.

Wannan al'ada ta dace da shinkafa, amma ba ta dace da ko wane tsiro ba. Wata shekara muka samo 'ya'yan alobera, muka dasa su a bayan majami'a, a ƙarshen fangalin tumatir, muna cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Duk ran da aka ba tumatir ruwa su ma sai su sha. Da fari suka yi ƙiba, muka yi murna. Kafin wata biyu ganyayen ƙasa suka fara yin laushi, muka ce ƙishirwa ce, muka ƙara ruwa. Da muka taɓa ɗaya sai ta faɗi a hannunmu, gindin ya ruɓe, yana wari. Guda biyu kaɗai suka tsira, su ne waɗanda yara suka cusa a kan ɓaraguzan tsohuwar katanga, inda ba wanda ya kula da su. Abin da muka koya daga wannan hasara shi ne darasinmu na wannan wata.

1. Wane irin tsiro ne?

Alobera ba ta da kara mai tsawo. Ganyayenta masu kauri ne, da ƙananan ƙayoyi a gefe, suna fitowa daga gindi ɗaya a kewaye, sababbi a tsakiya, tsofaffi a waje, kamar yadda ganyen abarba ke jeruwa. In ta girma ta kan fid da sanda ɗaya daga tsakiya mai furanni rawaya. Danginta sun fi iri 500, yawancinsu a Afirka da Madagaska da ƙasar Larabawa su ke. Masana sun ce asalin ita wannan da mu ke dasawa ƙasar Larabawa ne, daga can fatake da matuƙan jirage suka bazu da ita cikin duniya.

Tana da ɗan'uwa a dajinmu, wanda iyayenmu su ke kira zabo ko zabuwa, saboda ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ganyensa, waɗansu kuma su kan ce kabar giwa. Shi na daji ganyensa ya kan bushe da rani, wuta ta bi ta kansa, gindin ya yi kwance cikin ƙasa kamar albasa, sai damina ya sāke toho. Ita ta gida kuwa ba ta zub da ganye. Tana ƙarama ita ma da ɗigon fari, in ta manyanta sai ya ɓace. A cikin wannan darasi ta gida mu ke magana.

2. Yadda Allah ya gina ta

In mun gane ginin tsiro, renonsa ba zai ba mu wuya ba. Ga abu uku.

Na fari, ganyenta randa ce. In ka tsaga shi za ka ga farar tsoka mai yauƙi, fiye da kashi 98 cikin 100 na wannan tsoka ruwa ne. Fatar ganyen kuma tana da kauri, da wani abu kamar kakin zuma a kanta wanda ke hana ruwan fita. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. To, ita da nata ruwan ciki ta ke ƙetare rani.

Na biyu, da dare ta ke numfashi. Ko wane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Tumatir da masara suna buɗe nasu da rana, shi ya sa su kan yi yaushi da azahar. Alobera kuwa ta kan rufe nata da rana, ta buɗe da dare sa'ad da gari ya yi sanyi, ta ajiye iskar, gari ya waye ta yi aiki da ita cikin hasken rana. Saboda haka ruwan da ta ke hasara kaɗan ne ƙwarai, girmanta kuma a hankali ne.

Na uku, saiwarta ba ta nitsewa da zurfi, bazuwa ta ke yi kusa da fuskar ƙasa domin ta tsotse ɗan yayyafin da ya sauka kafin ya bushe. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda mu ke bukata. In ƙasa ta jiƙe sharaf kwana da kwanaki, iska ba ta da wurin zama, saiwa ta shaƙe, ruɓa ta kama ta, ta hau zuwa gindi. Shinkafa tana da hanyoyin iska cikin jikinta daga ganye har saiwa, don haka ta ke iya tsayawa cikin ruwa. Alobera ba a ba ta wannan ba.

3. Zaɓen wuri da haɗa ƙasa

A ƙasarmu wannan shi ne babban aiki. Shekara da shekaru ana ban ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hauro kusa a wurare da yawa. Mun ga gonakin da magudanansu suka toshe da kacalla, ruwa ya kwanta, farin gishiri ya fito a kan ƙasa, amfani ya ragu. Kada a kai alobera irin wannan wuri, kada kuma a sa ta a fangali, ko a gefen hanyar ruwa, ko a ƙarƙashin indararo, ko a bakin rariya inda ruwan wanke-wanke ke bi.

A nemi tudu ko jigawa, inda rana ke samu tun safe har wajen azahar, da yamma kuma a sami ɗan inuwar katanga ko ta itace. In ana shakkar wuri, ga gwaji mai sauƙi. A haƙa rami zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa da safe. In an komo da la'asar an tarar da ruwa a ciki, wurin bai yi ba. In babu wani wuri sai shi, a ja kunya mai tsayi, fiye da ta dankali, a dasa a kanta.

Ga haɗin ƙasa: kwano 2 na yashi mai kauri, kwano 1 na ƙasar gona, kwano 1 na taki wanda ya ruɓe sarai ya zama kamar ƙasa. In akwai garin gawayi ko ɓuntun shinkafa da aka babbake, a zuba kaɗan, gama suna sa ƙasa ta yi sako-sako. Ɓuntu kuwa ba ya wuya a Kura. Ɗanyen taki yana jawo gara, yana kuma ƙona saiwa. Takin zamani ba lalle ba ne, in ya yi yawa ma ganyen ya kan yi taushi ya kama ciwo da sauri.

Wadda ba ta da fili ta nemi tsohuwar tukunyar ƙasa ko randar da ta tsage. A huda gindinta huda mai faɗin babban yatsa, a kifa tsingaro a kan hudar domin ƙasa kada ta zube, a ɗora tukunyar a kan duwatsu uku. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, domin tana tsotse danshi ta jikinta, ba ta kuma ɗaukar zafi kamar gwangwani. Kada a ajiye faranti a ƙarƙashi ruwa ya kwanta, gama nan sauro ke haihuwa.

4. Dashe

Ba a shuka alobera da iri. Uwa ta kan fid da 'ya'ya a gindinta, su a ke cirewa. A bari ɗa ya kai tsawon taƙi ɗaya, da ganye 4 ko 5. A tone ƙasar gefensa a hankali, a raba shi da uwa da wuƙa mai tsabta, a bar masa saiwarsa.

Sa'an nan ga abin da ke ba manomin tumatir mamaki. Dashen tumatir ana cirewa a ke dasawa, a bi shi da ruwa nan da nan. Ɗan alobera kuwa ajiye shi a ke yi a inuwa kwana 2 ko 3, har wurin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɗanyen rauni cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ƙofa ce ga ruɓa. Kada a ji tsoro zai mutu, yana da guzurinsa.

A dasa shi wuyansa daidai da fuskar ƙasa, kada ƙasa ta shiga tsakiyar ganye. A danna gefe domin ya tsaya, in yana tangaɗi a tokare shi da duwatsu. Tsakanin ɗaya da ɗaya a bar ƙafa 2. Kada a ba shi ruwa sai bayan mako ɗaya, a kuma yi masa inuwa da guntun zana wajen mako biyu. Lokacin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne bayan ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba ko Nuwamba. A guji Agusta, watan marka.

5. Ban ruwa

Ƙa'idar guda ce: a ba ta ta ƙoshi, sa'an nan a ƙyale ta har ƙasa ta bushe. Kafin ka ɗauki buta, cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In ka ji danshi, ajiye butar. In ka ji a bushe, zuba a gefen gindi har ruwa ya fito ta hudar tukunya. Kada a kwarara a tsakiyar ganye, gama ruwan da ya kwana a nan ya kan ruɓar da zuciyar.

Da bazara, ta tukunya za ta so ruwa kamar sau ɗaya a mako, ta ƙasa kuwa kwana 10 ko mako biyu. Da hunturu girmanta ya kan ragu, mako biyu ko uku ya isa. Da damina ba a ba ta ko kaɗan. Aikin damina shi ne a duba ruwa yana wucewa, a jawo tukunya ƙarƙashin rumfa in marka ta yi tsawo. Waɗannan kwanaki kwatanci ne kawai, yatsa shi ne alƙali.

6. Yadda za a gane damuwarta

In ganye ya yi sirara ya nannaɗe gefe, ƙishirwa ce. A ba ta ruwa, cikin 'yan kwanaki za ta cika.

In ganye ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa amma yana da ƙarfi, zafin rana ne ko sanyin hunturu. Wannan ba ciwo ba ne, ɗan inuwa ya isa.

In ganye ya yi tsawo, ya koɗe, yana kwantawa, inuwa ta yi yawa. A matsa da ita rana kaɗan kaɗan.

In ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi laushi kamar dafaffen kabewa, ruwa ya yi yawa. Wannan ne mai kisa, kada a yi jinkiri. A tumɓuke ta, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai wuri mai kyau, a barbaɗa toka ko garin gawayi, a ajiye a inuwa kwana 4 ko 5, a sāke dasawa cikin sabuwar busasshiyar ƙasa. In ruɓar ta kai zuciya, uwar ta tafi, sai a ceci 'ya'yan.

Akwai kuma wani farin ƙwaro kamar ɓarɓashin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, tururuwa na binsa. A goge shi da tsumma da ruwan sabulu. Muna roƙonku kada ku fesa mata maganin ƙwarin tumatir, kada kuma ku dasa ta inda iska ke kai feshin gona, gama ganyen nan a fatar yaro za a shafa shi.

7. Yankan ganye, amfaninsa da haɗarinsa

A bar ta ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin a fara yanka. A ɗauki ganyen waje na ƙasa, wanda ya fi kauri, a yanke shi dab da gindi. Kada a cire fiye da 2 ko 3 a lokaci guda, kada kuma a taɓa na tsakiya.

Cikin ganye ɗaya akwai abu biyu dabam. Akwai farar tsoka mai yauƙi, akwai kuma wani ruwa rawaya mai ɗaci kamar maɗaci, wanda ke tsakanin fata da tsoka. A tsai da ganyen cikin kofi, yankan yana ƙasa, minti 15, rawayan ya tsiyaye, a zubar. A wanke ganyen, a fere ƙayoyin, a tsaga, a kankaro farar tsokar da cokali mai tsabta. A yi amfani da ita a ranar.

Farar tsokar tana sanyaya ƙaramar ƙuna da ƙaiƙayi da bushewar fata. Da hunturu yaranmu su kan matsa kusa da murhu, ƙuna ta kan yi yawa. Abu na fari da za a yi wa wanda ya ƙone shi ne a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a sa toka, ko ƙwai, ko mai, ko kashin shanu. In wurin ƙarami ne, ya yi ja kawai, fata ba ta buɗe ba, sa'an nan a shafa alobera. Amma in ya fi tafin hannun mai ƙunar faɗi, ko fata ta saɓule, ko ya yi manyan bororo, ko a fuska ne ko hannu ko gaba, ko kuwa jariri ne, sai asibiti ba tare da tsayawa ba.

Ruwan nan rawaya kuwa yana murɗa ciki ya sa zawo mai ƙarfi. Mun san waɗansu suna sha domin wanke ciki. Mace mai ciki kada ta sha, gama yana iya jawo ɓari. Mai goyo kada ta sha, kada kuma a ba yara, ko tsofaffi, ko mai ciwon ƙoda. A shekara ta 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan wanke ciki da a ke sayarwa ba da takardar likita ba, domin ba a kawo mata isasshiyar shaida cewa ba shi da lahani ba. Masu talla a kasuwa su kan ce alobera tana warkar da ko wace cuta. Kada mu gaskata, kada kuma mai bi ya faɗi haka domin ya sayar. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya bar maganin likita saboda ita.

Waɗansu sun tambaye mu ko ita ce al'ul da a ke karantawa cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda aka ambata cikin Zabura 45 da Waƙar Waƙoƙi 4, masana sun ce itace ne mai ƙanshi da a ke kawowa daga wajen Indiya. Na Yohanna 19 kuwa, wanda Nikodimu ya kawo gauraye da mur, nauyin fiye da kilo 30, domin jana'izar Ubangijinmu, waɗansu sun ce itacen nan ne, waɗansu sun ce busasshen ruwan wata 'yar'uwar alobera ne daga tsibirin Sokotara.

8. Abin da ta ke koya mana

Ruwan Tiga kyautar Allah ce, muna gode masa. Gidaje da yawa sun sami kwanon rufi da babur da kuɗin makaranta ta wurinsa. Amma bari mu tambayi kanmu. A dā rani shi ne lokacin ajin karatu da ziyara da fita wa'azi. Yanzu ba mu da rani. In an cire shinkafa a sa tumatir, in tumatir ya nuna motoci suna jira a Kwanar Gafan, in layin ruwa ya faɗo ran Lahadi kujeru su zama wofi.

Agur ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci, kada kuma ya ba shi wadata, sai abincin da ya ishe shi. Ya ji tsoron yunwa za ta sa shi sata, ya kuma ji tsoron ƙoshi zai sa shi ya manta da Ubangiji. Mu duka mun san tsoro na fari, na biyun ne ba mu saba ji ba. Manomin da Yesu ya ba da misalinsa cikin Luka 12 bai yi sata ba, gonarsa ce ta yi albarka. Laifinsa shi ne ya shirya wa albarkar wurin kwanciya, manyan rumbuna, bai shirya mata hanyar fita ba.

Ku tuna, alobera tana iya shan ruwa mai yawa muddin tukunyar tana da huda. Waɗanda suka tsara gonakinmu ma, ko wace hanyar kawo ruwa sun haɗa ta da magudanar fid da shi, inda magudana ta toshe kuwa nan ƙasa ta lalace. Haka ya ke ga gidan mai bi. Baiko, da taimakon gwauruwa da maraya, da biyan ɗan ƙwadago hakkinsa a ranar, da keɓe ranar Ubangiji, su ne magudanan gida. Ku tuna kuma ruɓa daga ƙasa ta ke farawa, ganye yana nan da ƙiba. Mutum ya kan yi kyan gani a majami'a alhali addu'a ta daɗe da mutuwa a ɗakinsa. Gara a tona da wuri tun zuciyar ba ta taɓu ba.

Tambayoyi

1. Don me a ke ajiye ɗan alobera kwana 2 ko 3 kafin a dasa?
2. Ta yaya za a bambanta ƙishirwa da yawan ruwa a jikin ganye?
3. Wace irin ƙuna ce ba za a yi jinyarta a gida ba?
4. Su wa ne ba za su sha ruwan nan rawaya ba?
5. Wane abu biyu Agur ya ji tsoro? Wanne ya fi kusa da mu?
6. Wace magudana ce ta toshe a gidanka, yaushe za ka yashe ta?

Aikin wannan wata

Ko wace ƙungiyar Zumuntar Mata ta dasa uwa ɗaya a tukunya a harabar majami'a, a sa mutum ɗaya tak ya lura da ban ruwanta, domin in kowa ya zuba za ta mutu. In ta haihu a raba 'ya'yan ga gidaje masu ƙananan yara, na masu bi da na maƙwabtanmu Musulmi, a kuma koya wa ko wace uwa abin da ke cikin kashi na 7.

Addu'a

Ya Ubanmu, mun gode maka domin ruwa da ƙasa da ƙarfin aiki. Ka ba mu abin da ya ishe mu, ka buɗe hannuwanmu domin abin da ka zuba mana ya kai ga waɗansu. Ka tsare yaranmu daga wuta cikin wannan hunturu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.